Kociya da Citgiras: Neman Itacen da Zai Iya Kokawa da Ciyawa a Makiyayar Yammacin Amurka

Yankin da Amurkawa ke kira Great Basin ya ɗauke kusan duk jihar Nebada, da yammacin Yuta, da wani ɓangare na Aidaho da Oregan. A yawancin filayensa ruwan shekara bai wuce milimita 200 zuwa 300 ba, kuma akasarinsa dusar ƙanƙara ce da ke zuba da hunturu. Daga Yuni zuwa Satumba sai zafi da fari. Abin da ke riƙe da wannan ƙasa tun fil azal gajerun itatuwa ne, babbansu sejburash, ɗan'uwan tazargade, mai ganye ruwan toka da ƙamshi mai ƙarfi, sai ciyayi masu daɗewa da ke tsirowa dunƙule-dunƙule a tsakaninsu. Tsakanin wannan dunƙule da wancan akwai ƙasa tsirara, kuma ita ce take hana wuta gudu idan tsawa ta faɗa.

A ƙarshen ƙarni na 19 wata ciyawa mai suna citgiras, wadda masana ke kira Bromus tectorum, ta shigo daga nahiyar Turai da Asiya, a cikin gurɓataccen irin hatsi da kayan da jiragen ƙasa ke ɗauka. Ta iske ƙasar da garkunan shanu da tumaki suka riga suka cinye ƙurmus, ba mai hana ta zama. Kafin 1930 ta kai kusan duk inda take a yau. Masu inganta iri sun daɗe suna neman itacen da zai iya kokawa da ita, kuma wanda ya fi yin suna shi ne kociya, wani baƙon itace daga Asiya ta Tsakiya.

Sai an fahimci yadda wannan ciyawa ke cin galaba kafin a gane wahalar da ke gaban masu inganta iri. Citgiras shekara ɗaya take yi ta mutu, amma ba ta jiran kowa. Da zarar an ɗan yi yayyafi a watan Satumba ko Oktoba sai ta tsiro. Sanyi ya shigo, ganyenta ya tsaya cik, mai kallo ya ɗauka ta yi barci, alhali saiwarta na ci gaba da nutsawa ko da ƙasa ta yi sanyin da sauran tsirrai ba sa motsi a cikinsa. Irin sejburash kuwa sai wajen Maris ko Afrilu yake fasa ƙasa. Ɗan tsiron bai kai tsawon farce ba, ga ganye biyu ƙanana, ga saiwa siririya kamar zare. A daidai lokacin, a murabba'in mita ɗaya ana iya samun dubban tsiron citgiras, kowanne da saiwar da ta yi wata biyar tana aiki. Ruwan da dusar ƙanƙara ta bari a saman ƙasa ƙayyadadde ne, ba a ƙara wani sai wata shekara. Kafin ɗan itacen ya miƙa saiwarsa zuwa inda laima take, an shanye ta. A watan Yuni ciyawar ta zuba 'ya'ya ta bushe, 'ya'yan nan masu tsini da ke maƙale wa safa da gashin dabba kamar ƙarangiya, har su huda bakin saniya. Ɗan sejburash kuwa tuni ya mutu, ba wanda ya ma san ya taɓa fitowa.

Babban itace da ya riga ya kafu ba ya jin citgiras sosai, domin saiwarsa ta wuce inda take sha. Wuta ce ke kashe shi. Busasshiyar ciyawar ta cike gurbin nan na ƙasa tsirara, sai fili ya zama shimfiɗa ɗaya ta makamashi. A filayen Kogin Snake da ke Aidaho, wani bincike na 1990 ya ƙiyasta cewa wutar da a da take dawowa bayan shekara 60 zuwa 110 ta koma dawowa bayan shekara uku zuwa biyar. Sejburash ba ya toho daga kututture idan ya ƙone, irinsa ba ya yin nisa da uwa, kuma ba ya daɗewa a ƙasa. Wuta biyu a jere, an gama da shi a wurin. A Yulin 2007 gobarar Milford Flat ta cinye kimanin eka 363,000 a Yuta, a wannan watan kuma wata gobarar ta cinye kimanin eka 650,000 a kan iyakar Aidaho da Nebada.

Abin mamaki, itacen da ya fi yin suna wajen tsayawa gaban citgiras ba don ita aka fara nemo shi ba. A 1934 aka fara ganin wani tsiro mai guba, halojitan, kusa da garin Wells a Nebada. Yana son ƙasa mai gishiri, kuma ya riƙa kashe tumaki garke-garke, har majalisar dokokin Amurka ta yi masa doka ta musamman a 1952. A shekarun 1960 masu bincike irin su Wesley Keller da Perry Plummer suka shiga neman tsiron da zai iya danne shi a busasshiyar ƙasa mai kanwa. Hankalinsu ya kai ga kociyar kiwo, Bassia prostrata, wani ɗan gajeren itace na hamadar Asiya ta Tsakiya: gindinsa itace ne mai ƙarfi, rassansa na sama kuma suna fitowa sabbi kowace shekara. Makiyayan Uzbekistan da Kazakistan sun daɗe suna kiwata tumaki da raƙuma da shi.

A 1966 aka karɓo wani iri daga lambun tsirrai na Stavropol a Rasha, aka ba shi lamba PI 314929. Aka dasa shi tare da wasu ire-iren a filayen gwaji, aka yi ta dubawa shekara da shekaru: wanne ya fi daɗewa, wanne ya fi ganye, wanne dabba ta fi so, wanne ciyawa ba ta kashewa. A 1984 hukumar gandun daji ta Amurka da hukumar kare ƙasa da sashen namun daji na Yuta suka sake shi ga jama'a da sunan Immigrant. Ya kamata a lura da abin da aka yi a nan. Ba a yi wata barbara mai tsawo ba. An jera baƙin iri, an bar ƙasa da fari da ciyawa su tankaɗe su, an ɗauki wanda ya rage. Kusan shekara talatin Immigrant kaɗai ne irin kociya da ake sayarwa a Amurka.

Me ya sa ya iya abin da sejburash ya kasa? Na farko, yana tsirowa da wuri. Irinsa na iya fashewa a ƙarshen hunturu, ƙasa na da sanyi, don haka ratar da citgiras ke samu ta ragu. Na biyu, saiwarsa iri biyu ce: akwai uwar saiwa mai nutsawa can ƙasa, akwai ƙanana da ke bazuwa kusa da sama suna shan ruwan da ciyawar ke dogaro da shi. Sannan yana cikin tsirran da ke iya ci gaba da girma cikin tsananin zafi da ruwa kaɗan, shi ya sa a watan Agusta, duk fili ya zama ruwan ƙasa, shi yana kore shar. In wuta ta bi ta kansa sai ya toho daga gindi. Wanda ya tsaya a tsohon filin kociya zai ga kowane gindi da da'irar ƙasa tsirara kewaye da shi, citgiras ta yi ƙaranci, wadda ta fito ma ta tsumbure. Wato gurbin nan da ke karya gudun wuta ya dawo.

Sai dai yana da nasa rauni, kuma a iri yake. Irin kociya na nuna a Oktoba zuwa Nuwamba, kuma idan aka ajiye shi a buhu a ɗaki kamar sauran iri, kafin shekara ta zagayo mafi yawansa ya mutu. Dole a busar da shi sosai a sa shi wuri mai sanyi, ko kuma a shuka na bana a bana. Ba a binne shi. Watsa shi ake yi a saman ƙasa ko a kan dusar ƙanƙara tsakanin Disamba da Fabrairu, sau da yawa daga jirgin sama. Shuka da yawa ta lalace ba don ciyawa ta fi ƙarfinta ba, sai don an sayi tsohon iri ko an tura shi cikin ƙasa da injin shuka.

A 1985 hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, ta fara shirin ɗanyen shinge a Aidaho: a bi gefen hanya ko iyakar dajin sejburash da ya rage, a share wani dogon zirin ƙasa, a shuka abin da ba ya kama wuta da sauƙi. Kociya ta zama kan gaba a wannan aiki. Makiyaya kuma suka gano wani amfanin. Da hunturu busasshiyar ciyawa ba ta da furotin ɗin da zai ishi saniya mai ciki, wadda ke buƙatar kusan kashi 7 cikin 100. Kociya tana wuce wannan ma'auni a lokacin da ciyawar ke ƙasa da shi nesa. Wani gwaji a gundumar Tooele ta Yuta ya nuna filin da aka haɗa kociya da ciyawa ya ba da abincin dabba kusan ninki shida na filin ciyawa zalla. Ga mai shanun da ke sayen harawa duk hunturu, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Koken makiyayan ɗaya ne: Immigrant gajere ne. Dusar ƙanƙara ta ɗan yi kauri sai ta rufe shi, a daidai watannin da aka fi buƙatarsa. Wannan ne ya sa Blair Waldron da abokan aikinsa na cibiyar binciken makiyaya ta ma'aikatar noma da ke Logan a Yuta suka koma tushe, suka je Kazakistan a 1999 da Uzbekistan a 2002 neman dogayen iri. Can suka tarar kociya ba kala ɗaya ba ce. Akwai koriya mai jan kara, akwai mai ruwan toka da gashi-gashi, kuma adadin kuromosom ɗinsu, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado, ya bambanta, wata 18, wata 36, wata 54, abin da ke sa haɗa su barbara ya yi wuya. Immigrant mai 18 ne. A 2012 suka saki Snowstorm, mai 36, ruwan toka, asalinsa Uzbekistan. Ya fi Immigrant tsayi sosai, ya fi ganye, ya fi furotin.

A nan nake ganin darasin wannan lamari yake, kuma ba shi ne wanda ake yawan faɗa ba. Ana ba da labarin kociya a matsayin nasarar inganta iri don jure gasa. Amma idan aka duba da kyau, ƙarfin gasar ba a filin gwaji aka ƙera shi ba. Da shi itacen ya zo. Yanki ɗaya suka fito da citgiras, sun daɗe da sanin juna, ga kiwon dubban shekaru da ya tace shi. Abin da masu bincike suka ƙara da hannunsu a zagaye na biyu tsayi ne da yawan ganye, wato buƙatar saniya. Ba laifi ba ne, abin da aka nema ke nan. Amma yana nufin tambayar asali tana nan: za a iya ɗaukar itacen ƙasar, wanda ba ya iyawa, a mai da shi mai iyawa?

An yi aiki a kan itatuwan gida, kuma ba kaɗan ba. A 1975 aka buɗe cibiyar binciken gajerun itatuwa a Provo da ke Yuta, inda Durant McArthur ya shafe shekaru yana tantance jinsunan sejburash da adadin kuromosom ɗinsu da yadda suke barbara a tsakaninsu. Daga irin wannan aiki aka saki sejburash Hobble Creek a 1987 da Gordon Creek a 1992. Amma abin da aka fi dubawa wajen zaɓensu shi ne wanda barewar yankin ta fi so da hunturu da wanda ya fi gina jiki. Ba a tankaɗe su da ma'aunin wanda jaririnsa zai rayu a tsakiyar citgiras ba. Sakamakon kuwa a fili yake. Wani babban bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya bi wuraren da BLM ta shuka bayan gobara tsakanin 1990 da 2003, ya gano cewa watsa irin sejburash daga sama bai ƙara yawansa a kan wuraren da ba a shuka ba, musamman a ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa.

Wadda ta fi tona wannan matsala ita ce Elizabeth Leger ta Jami'ar Nebada da ke Reno. A kan ciyayin gida ta fi yin aikinta, amma abin da ta gano ya shafi itatuwa kai tsaye. Maimakon ta nemi iri a wuri mai kyau, sai ta je filayen da citgiras ta mamaye shekara da shekaru, ta nemi 'yan tsirarun tsirran gida da suka ƙi mutuwa. Ta iske zuriyarsu ta fi jure ciyawar fiye da 'yan'uwansu na wurin da ba a mamaye ba, kuma suna farkawa da wuri. A wani nazari na 2013 aka bi wani iri da aka shuka bayan gobara, aka kwatanta waɗanda suka rayu da buhun da aka zuba: waɗanda suka rayu sun fi ƙanƙanta, irinsu ƙanana, suna fure da wuri. A 2015 ita da Owen Baughman suka jera halayen da masu sakin iri ke alfahari da su, wato yawan ganye da yawan iri da girman tsiro, kusa da halayen da ke ceton tsiro a daji, irin su saiwa da saurin fitowa. Jerin biyu ba su yi daidai ba. A taƙaice, an daɗe ana zaɓen ƙato, daji kuma yana zaɓen ƙaramin da ya zuba ƙarfinsa a ƙasa.

Ba sakaci ne kawai ya jawo haka ba. Zaɓen itace don gasa aiki ne mai cin rai. Mai inganta alkama yana ganin zuriya ɗaya ko biyu a shekara, sejburash kuwa sai ya yi shekara biyu, uku ko fiye kafin ya ba da iri. Iska ce ke masa barbara, don haka 'ya'yan uwa ɗaya ba sa kama da juna. Filin gwaji kuma ana nome shi, domin in ba a nome ba sai komai ya mutu a rasa abin aunawa, in an nome kuwa an cire abin da ake son gwadawa. Saiwa ba a ganinta sai an tone, in an tone an kashe tsiron. Shekara ma ba ta da tabbas: wadda aka samu ruwa kowa ya rayu, ta fari kowa ya mutu, duka biyun ba su nuna gwani ba. Ga kuma manomin da zai ninka irin don sayarwa, shi da kilo ake biyansa, ba zai so ƙaramin tsiro mai rowar iri ba. Sannan sejburash na da tsananin son gida. Irin da aka ɗebo daga wuri mai ɗumi aka kai tudu mai sanyi yakan yi kyau 'yan shekaru, sai sanyi mai tsanani ya zo ya share shi. Iri ɗaya gwani da za a watsa a jihohi huɗu, kamar yadda aka yi da Immigrant, da wuya a same shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin itacen da ke jure maƙwabci da wanda ke danne maƙwabci, kuma kociya na cikin na biyu. Wannan ya kai mu ga rigimar da har yau ba ta mutu ba. Wani rahoto na 2000 daga Yuta, bayan duba tsofaffin wuraren shuka da dama, ya ce kociya ba ta kutsawa cikin dajin da tsirransa ke da lafiya, sai inda ƙasa ta lalace ko take da gishiri. A 2013 Erin Gray da Patricia Muir na Jami'ar Jihar Oregan suka auna a kudu maso yammacin Aidaho, suka iske ta fita daga inda aka shuka ta a mafi yawan wuraren, a wani wuri har mita 710. Ana iya cewa duka biyun gaskiya suka faɗa, domin a filayen Kogin Snake ƙasar da ba ta lalace ba kaɗan ce. Matsalar ta fi tsanani ga wani ɗan tsiro, Lepidium papilliferum, wanda a duniya sai a wannan yanki na Aidaho ake samunsa, a wasu 'yan faƙo-faƙo masu gishiri da ruwa ke kwanciya a kai. An sa shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana a 2009. Irin wannan faƙo shi ne ainihin wurin da kociya ta fi so, tunda don ƙasa mai gishiri aka nemo ta tun farko. Kuma filin da ta kafu sosai ba citgiras kaɗai yake hanawa ba, har da tsiron gida da ake fatan ya dawo.

Sai batun wata kazar daji ta yankin da ake kira da sunan sejburash, wadda da hunturu kusan ba ta cin komai sai ganyensa, kuma a ƙarƙashinsa take yin sheƙa. Filin kociya ya fi ƙonannen fili, ya fi citgiras zalla, amma ba gidanta ba ne.

A nawa ganin, masu cewa a haramta kociya gaba ɗaya ba su tsaya a filin da ya ƙone sau huɗu ba, inda ba sauran irin gida a ƙasa, iska na kwashe turɓaya tana rufe babbar hanya. A irin wannan wuri, da kuma siririn shinge da zai tsare dajin da ya rage, tana da aikin da ba a samu mai yi kamarta ba. Masu watsa ta ko'ina bayan kowace gobara kuma suna sayen sauƙin yau da ƙasar da ba za ta koma yadda take ba, domin cire kociya bayan ta kafu ya fi shuka ta wuya nesa.

A ɓangaren sejburash, abin da ake yi yanzu ya fi kama da kauce wa gasar fiye da cin ta. Tun bayan tsarin iri na ƙasar Amurka da aka fitar a 2015, an ƙara matsa wa a ɗebo iri daga yankin da yanayinsa ya dace da inda za a shuka. Ana fesa maganin imazafik don hana citgiras tsirowa na shekara ɗaya ko biyu, a ba ɗan itace sarari. Sannan ana renon tsiron a gandun reno har ya yi saiwa mai tsawo, a kai shi daji a dasa da hannu, ta yadda makonnin nan na farko da yake mutuwa a cikinsu sun wuce a cikin 'yar robar reno. Dashe ya fi watsi tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi rayuwa. Hannun da suka yi wannan reno har da na fursunoni: a 2014 aka fara wani shiri a gidan yarin Snake River da ke Oregan, tare da BLM, daga baya ya bazu zuwa gidajen yari a wasu jihohin yamma, inda aka riƙa shuka irin a watannin Afrilu da Mayu, a yi ta ban ruwa duk lokacin zafi, a kwashe tsiron zuwa wuraren da suka ƙone kafin sanyi ya kama ƙasa.